Baƙin faifai: yadda AC/DC suka yi makokin mawaƙinsu a 1980

Yau mun ɗan fita daga gida. Wataƙila kun taɓa cin karo da saurayi sanye da baƙar rigar gwanjo, an rubuta AC/DC a ƙirji da alamar walƙiya a tsakiya. Ka tambaye shi, sai ya ce maka ai sunan kamfanin lantarki ne. To bai yi nisa da gaskiya ba, don haruffan na nufin iri biyu na wutar lantarki. Amma sunan wasu makaɗa ne, kuma faifan da ya kai su ko'ina a duniya, Back in Black, a cikin makoki aka yi shi.

Ƴan'uwa biyu ne suka kafa ƙungiyar a birnin Sidni na Ostareliya a 1973, Malcolm Young da ƙanensa Angus. Ɗiyan talakawa ne da iyayensu suka yi ƙaura daga Glasgo ta Sikotilan a 1963. Kiɗansu shi ne wanda Turawa ke kira hard rock, wato gitar ta lantarki da aka buɗe wa murya har ƙarshe, ga ganguna masu nauyi, mawaƙi kuma yana ɗaga murya kamar maƙogwaro zai tsage. Angus shi ne wanda ke hawa dandamali da kayan ɗan lakwal, gajeren wando da hula, har yau da furfurarsa. Malcolm kuwa a baya yake tsayawa, kusa da mai ganga, ba ya ko motsi sosai, amma hannunsa ne ke riƙe da kiɗan duka. Ku riƙe wannan, za mu komo kansa.

A 1974 suka samu mawaƙi, Bon Scott, shi ma haifaffen Sikotilan da ya girma a Ostareliya. Ya girme su, ya sha gwagwarmaya, ga barkwanci, ga bakin tsiya, ga kwalba. Shekara biyar suna yawo gari-gari kafin faifansu na 1979, Highway to Hell, ya buɗe musu ƙofar Amurka. Daidai lokacin da wahala ta fara biya ke nan.

Cikin watan Fabrairu na 1980, a Landan, Bon ya fita da dare ya sha har ya fita hayyacinsa. Wanda ya maido shi ya kasa tada shi, sai ya bar shi kwance cikin ƙaramar mota Renault 5 a bakin titi, unguwar East Dulwich, cikin tsananin sanyi, wai ya yi barci ya wartsake. Ranar 19 ga wata aka tarar da shi ba rai. Binciken hukuma ya ce barasa ce ta yi masa yawa a jini. Shekararsa 33.

A nan ne labarin ya ja hankalinmu, mu da muka san yadda ƙungiyar kiɗa take a ƙasar Hausa. Wajenmu, ubangidan kiɗa shi ne komai. Ran da ya kwanta dama, yawanci ƴan amshi da makaɗa watsewa suke, in ba a samu ɗa ko ƙane da ya gaji muryar ba. Ko an samu ɗin ma, sai ka ji mutane na cewa ai ba kamar tsohon ba. AC/DC ma sun yi tunanin ajiye kayan kiɗa. A wajen jana'izar da aka yi a Fremantle, yammacin Ostareliya, mahaifin Bon ne da kansa ya ja su gefe ya ce kada su tsaya, su nemi wani mawaƙi. Su Malcolm suka koma Landan, suka kulle kansu a ɗakin gwaji da gitar, don ba su san wata hanyar ɗauke hankali ba.

Wanda suka samo ba tauraro ba ne a lokacin. Brian Johnson, ɗan yankin Newcastle a arewacin Ingila, ya taɓa yin ɗan suna da wata ƙungiya mai suna Geordie, sannan abin ya mutu. Yana da shekara 32, aure ya lalace, ya koma gidan iyayensa, yana cin abinci da sana'ar sa wa motoci rufi. Abin da ya sa aka tuna da shi: Bon da bakinsa ya taɓa ba su labarin ya ga wasan mutumin, ya kuma yaba muryarsa. Wato mamacin ne ya nuna magajinsa ba tare da ya sani ba. Aka kira shi gwaji a watan Maris, farkon Afrilu aka sanar da shi ne sabon mawaƙi. Ko kwana arba'in da ɗoriya ba a wuce ba da rasuwar.

Daga tsakiyar Afrilu zuwa Mayu suka tare a sutudiyon Compass Point da ke Nasso, tsibiran Bahamas, tare da mai tsara sauti Robert John Lange, wanda ake yi wa laƙabi da Mutt, shi ne dai ya yi musu faifan 1979. Tun isarsu ƴan duwan suka riƙe musu kaya. Ga hadari da guguwa suna ta ɗauke wuta, abin da ba sai mun yi wa kowa bayaninsa a nan ba. Lange kuma mutum ne mai tsanani, yakan sa Brian ya maimaita layi ɗaya har sai numfashi ya zauna inda yake so. Ku duba halin da baƙon yake ciki: an ba shi takarda da alƙalami ya rubuta baitoci a gurbin wanda duniya ke kuka a kansa, a gaban abokan mamacin. Har yau akwai masu cewa an yi amfani da wasu rubuce-rubucen da Bon ya bari. Ƙungiyar ta sha musanta haka, ta ce da gangan suka ƙi taɓa su don kada a ce sun ci riba da gawa.

Abin da ya fi burge mu shi ne zancen ƙararrawa. Sun so faifan ya buɗe da ƙarar ƙararrawar makoki, ta gaske, ba ta inji ba. Aka je garin Loughborough a Ingila don ɗaukar sautin wata babba da ke hasumiyar tunawa da sojoji. Duk bugu ɗaya sai tsuntsayen da ke kwana a hasumiyar su tashi fir, fukafukansu su ɓata sautin. Aka haƙura. A ƙarshe maƙeran John Taylor na garin, waɗanda aka ba aikin zuba wa ƙungiyar ƙararrawar tagulla mai nauyin kusan tan ɗaya, a cikin maƙerarsu aka kai na'ura aka ɗauka. Ita ce ake ji a farkon waƙar Hells Bells, a hankali, ɗaya bayan ɗaya, kafin gitar ta shigo. Daga baya suka riƙa yawo da ita duniya, ana rataye ta saman dandamali.

Bangon faifan ma sai da aka ja. Su sun ce baƙi ƙirin suke so, ba hoto, alamar makoki irin ta Turawa. Kamfanin Atlantic ya ce wa zai sayi abin da ba a ganin komai a kai? Aka daidaita a kan a zagaye haruffan sunan da siririn layi ruwan toka.

Ranar 25 ga Yuli 1980 ya fito, waƙoƙi 10, minti 42. Ya hau na ɗaya a Ingila, na huɗu a Amurka. Ana ƙiyasta an sayar da kusan miliyon 50 a duniya, fiye da miliyon 25 a Amurka kaɗai, shi ya sa ake yawan jera shi bayan Thriller na Michael Jackson. A ganinmu sirrin yana hannun wancan mai tsayawa a baya. Murya ta sauya, amma bugun Malcolm, da gangar Phil Rudd, da bas ɗin Cliff Williams suna nan yadda aka san su, shi ya sa kunnen masoya bai ji an yi masa baƙo ba. Sun kuma bar sarari tsakanin bugu da bugu, ba su cika kiɗan da tarkace ba.

Sai dai gaskiya ɗaya ce, kada wani ya je nema da zaton waƙoƙin ta'aziyya zai ji. In ka cire ƙararrawar da waƙar da faifan ya ci sunanta, saura duk zancen mata ne da holewa, wasu baitocin ma ba na saurare gaban iyaye ba ne. Wadda ta fi tsaya mana a rai ita ce Have a Drink on Me, waƙar gayyatar shan giya, a faifan makokin mutumin da giya ta kashe wata biyar da suka wuce. Masoyansu na cewa ai irin bankwanan da Bon zai so ke nan. Mu dai abin bai kwanta mana ba. Angus, duk haukan da yake a dandamali, ba mashayi ba ne. Malcolm kuwa sai da kwalba ta kai shi ga ajiye gitar a 1988, ɗan yayansu Stevie Young ya riƙe masa wuri a rangadin Amurka har ya je ya yi magani ya komo.

Ya ci gaba da tsayuwarsa a baya har ciwon mantuwa ya sauke shi a 2014. Ya rasu cikin Nuwamba 2017. Stevie ɗin ne dai ya sake ɗaukar gitar, kuma faifan da suka fitar a 2020, Power Up, Angus ya ce na Malcolm ne, kamar yadda baƙin ya zama na Bon.