Don Canham da Sauyin Muƙamin Daraktan Wasanni a Jami'o'in Amurka

A manyan jami'o'in Amurka akwai muƙamin daraktan wasanni, wato jami'in da ke ɗaukar masu horarwa, yana kula da filaye da kasafin kuɗi, yana kuma tsara gasannin da ƙungiyoyin ɗalibai za su shiga. Har zuwa shekarun 1960 an saba bai wa mai horar da ƙwallo wannan kujera, kuma a Jami'ar Michigan da ke garin Ann Arbor haka aka yi wa Fielding Yost da Fritz Crisler. Don Canham, wanda ya gaji Crisler a 1968 ya riƙe muƙamin har 1988, yana cikin waɗanda suka mayar da aikin harkar kasuwanci sosai.

An haifi Canham a 1918, ya yi suna a tsallen sama tun yana ɗalibi a Michigan, sannan ya shafe kusan shekara ashirin yana horar da 'yan tsere da tsalle-tsalle na jami'ar, a lokaci guda kuma yana gudanar da kamfaninsa na sayar da kayan wasanni da finafinan koyarwa. Wannan gogewa ta ciniki ita ce ta bambanta shi da magabatansa, domin ya tarar da filin wasa mai kujeru 101,001 wanda dubban kujerunsa ke zama babu kowa a yawancin ranakun wasa. Matakinsa na farko mai muhimmanci shi ne ɗauko Bo Schembechler daga Jami'ar Miami ta jihar Ohio domin ya horar da ƙungiyar ƙwallon Amurka, wasan da ake riƙe ƙwallo mai siffar ƙwai a hannu ana kutsawa cikin abokan hamayya. A 1969 ƙungiyar ta doke Ohio State da ci 24 da 12, alhali Ohio State ɗin ake ɗauka ta fi kowace ƙarfi a ƙasar, kuma daga nan aka shiga shekara goma na zazzafar hamayya tsakanin Schembechler da Woody Hayes, mai horar da Ohio State.

Sai dai Canham bai dogara ga nasara kaɗai ba, saboda ya fahimci cewa iyali ba za su yi doguwar tafiya domin sakamakon wasa kawai ba. Ya riƙa aika takardun talla ta gidan waya zuwa gidaje masu ɗimbin yawa, ya nemi hankalin mata da yara, ya ƙarfafa al'adar taruwa a ci abinci a bayan motoci kafin a fara wasa, ya kuma sa aka buga harafin M na jami'ar a kan riguna da kofuna ana sayarwa. Daga watan Nuwamba na 1975 aka fara jerin wasannin gida da 'yan kallo suka haura 100,000 a kowanne, jerin da ya ɗore shekaru da dama bayan ritayarsa, kuma da kuɗin ƙwallon ake ɗaukar nauyin sauran wasannin da ba sa kawo riba.

Wannan lissafi na riba shi ne kuma ya sa ya yi adawa a fili da yadda aka aiwatar da dokar tarayya ta 1972 da ake kira Title IX, wadda ta haramta nuna bambancin jinsi a makarantun da ke karɓar kuɗin gwamnati, yana ganin za ta raunana asusun sashensa. Tarihi bai goyi bayansa a nan ba, domin dokar ce ta buɗe wa ɗalibai mata ƙofar gasa da tallafin karatu. Abin da ya fi wannan nauyi ya fito ne shekaru bayan rasuwarsa a 2005, lokacin da aka bankaɗo cin zarafin da likitan jami'ar, Robert Anderson, ya daɗe yana yi wa ɗalibai da 'yan wasa. Wani tsohon ɗan kokawa ya bayyana cewa ƙorafin da ya rubuta a 1975 ya kai ofishin Canham ba tare da an ɗauki mataki kan likitan ba, kuma a 2022 jami'ar ta amince ta biya dala miliyan 490 ga mutane fiye da dubu ɗaya da suka shigar da ƙara.