Keita Fodeba: Uban 'Yan Rawan Gini da Yadda Ya Ƙare

Na fara cin karo da sunan Keita Fodeba ne a inda ban zata ba, wato cikin littafin nan na Frantz Fanon da ya fito a 1961, wanda aka fassara zuwa Turanci da sunan The Wretched of the Earth. A babin da yake magana kan al'adun ƙasa, Fanon ya ɗauko wata doguwar waƙa ta wannan bawan Allah ya kafa hujja da ita, ya kuma gabatar da shi a matsayin ministan cikin gida na Jamhuriyar Gini. A lokacin abin ya ɗaure mini kai. Mawaƙi kuma ministan 'yan sanda? Sai daga baya na gano ashe ban ma ji komai ba, domin asalin sana'ar da duniya ta san shi da ita ita ce shugabancin 'yan rawa, kuma ƙungiyar da ya kafa ta fi shi tsawon rai nesa ba kusa ba. Labarin wannan ƙungiya da na shugabanta nake son mu ɗan tattauna yau, mai karatu, saboda akwai wata tambaya a cikinsa da ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya: wa zai riƙe mai rawa, kuma me zai karɓa a hannunsa ladan riƙon?

An haifi Fodeba a 1921 a garin Siguiri, can arewa maso gabashin Gini, ƙasar Mandinko, a bakin kogin Kwara tun yana kusa da mafarinsa. Ya yi karatu a makarantar horon malamai ta William Ponty da ke Senegal, wadda ta yaye manyan 'yan bokon ƙasashen renon Faransa, irin su Modibo Keita na Mali da Diori Hamani na Nijar. Wannan makaranta tana da wata al'ada: in ɗalibai za su tafi hutu sai a ce kowa ya tattaro tatsuniyoyi da al'adun garinsu, in an dawo a mayar da su wasan kwaikwayo da Faransanci, a sa waƙa da rawa a ciki. Turawan mulki na zuwa kallo suna tafi. A nan Fodeba ya koyi cewa abin da ake yi a dandalin ƙauye ana iya ɗora shi a kan dakalin wasa har baƙo ya biya kuɗi ya kalla.

Ya ɗan taɓa koyarwa, sannan a 1948 ya tafi Faris da niyyar karatun lauya. Karatun bai je ko'ina ba. Sai ya haɗa kai da wani gwanin jita ɗan ƙasarsu mai suna Kante Facely, suka tara 'yan Afirka mazauna birnin suka kafa ƙungiyar wasa. Da farko wasan kwaikwayo da karatun waƙa suka fi yawa, kuma waƙoƙin suna da yaji. Wadda Fanon ya ɗauko, Aube africaine, labarin wani manomi ne da aka ɗauka soja ya yi wa Faransa yaƙin duniya na biyu, ya tsira daga Jamusawa, ya zo ya mutu a hannun Faransawan da ya yi wa yaƙi a barikin Thiaroye kusa da Dakar, inda a ranar 1 ga Disamba 1944 aka buɗe wa sojojin Afirka wuta don sun nemi haƙƙinsu. Hukumar mulkin mallaka ta hana rubuce-rubucensa yawo a yankunanta na Afirka ta Yamma. To, ita rawa ba ta buƙatar tafinta, ba a kuma iya kama ta da laifin kalma. A 1952 ƙungiyar ta fito da sunan da aka san ta da shi har yau, Les Ballets Africains.

A nan ne aikin da na fi ganin girmansa yake. Kowa ya san yadda rawar gargajiya take: da'ira ake yi, makaɗa na gefe, wanda kiɗa ya ratsa ya faɗo fage ya taka ya koma, wani ya shigo, a kwana ana yi. Babu mai kallo zalla, kowa ɗan wasa ne in ya ga dama. Shi kuwa gidan wasa na Turai, jama'a na zaune a gefe guda cikin duhu, sun biya kuɗin awa biyu. Dole Fodeba ya fasa da'irar ya buɗe ta ta fuskanci masu kallo, ya taƙaita rawar dare guda zuwa 'yan mintoci, ya jera 'yan rawa sahu-sahu suna ɗaga ƙafa lokaci guda, ya fito da mai kaɗa jembe gaba ya zama tauraro alhali a ƙauye aikinsa bin ƙafar mai rawa ne. Shi da kansa ya yi rubutu yana kare wannan gyara. Masu suka sun ce ya lalata abin, ni kuwa ina ganin ya ƙirƙiro wani sabon abu ne, kuma kusan duk wata ƙungiyar rawar gwamnati da aka kafa a Afirka ta Yamma bayan samun 'yanci da wannan ma'auni ta auna kanta, ko ta sani ko ba ta sani ba.

Wani abin kuma, ya mayar da rawa sana'ar da ake horo a kanta, ake biyan mutum, ake yi masa fasfo. A ƙasar Mandinko kiɗa da waƙar yabo gadon gidajen jeli ne, kamar dai yadda muke da gidajen makaɗa da maroƙa, ana jin daɗinsu amma ba kowa ke ba su 'yarsa ba. A tsakiyar shekarun 1950 ƙungiyar ta zagaya Afirka ta Yamma, ta ɗebi gwanaye, cikinsu har da Sory Kandia Kouyate mai muryar nan da in ka ji ta sau ɗaya ba ka mantawa. A 1959 sun isa Amurka, inda hukumar birnin New York ta ce sai matan ƙungiyar sun rufe ƙirjinsu kafin su hau dakali, aka yi ta cece-ku-ce a jaridu, cece-ku-cen da ya ƙara musu kasuwa. Ɗaya daga makaɗan ƙungiyar, Ladji Camara, daga baya ya zauna a Amurka, kuma ta hannunsa jembe ya fara shiga hannun baƙaƙen fatar can.

Sai dai kafin wannan tafiya shugaban ya riga ya sauya riga. Tun 1957 Seku Ture ya jawo shi cikin gwamnati ya ba shi ma'aikatar cikin gida. A ranar 28 ga Satumba 1958 Gini ita kaɗai cikin ƙasashen renon Faransa ta ce wa Janar de Gaulle a'a, ta karɓi 'yancinta ranar 2 ga Oktoba. Faransawa suka fice cikin fushi, suka kwashe abin da za su iya kwashewa. Ƙasa sabuwa, ba kuɗi, ba ma'aikata, abin da take da shi na nuna wa duniya shi ne kiɗa da rawa. Fodeba ya miƙa ƙungiyarsa ga ƙasa, ta zama ta gwamnati.

Abin da aka gina daga nan babu irinsa a yankin. Jam'iyyar PDG mai mulki ta sa kowane reshe nata, tun daga ƙauye, ya kafa ƙungiyar wasa. Ana gasa daga ƙauye zuwa gunduma, daga gunduma zuwa lardi, waɗanda suka yi fice su hallara Konakiri a babban bikin ƙasa. Wanda ya fi kowa a ɗauke shi zuwa ƙungiyoyin ƙasa, ya zama ma'aikacin gwamnati mai albashi. A 1964 aka ƙara kafa wata, Ballet Djoliba, da sa hannun mawaƙin Amurka Harry Belafonte. In ka tambaye ni ko an taɓa yi wa 'yan rawa gata irin wannan a Afirka ta Yamma, zan ce ban ga alama ba. Yaron da ubansa manomi ne ya ga Mosko da Bejin da Faris albarkacin ƙafarsa.

Amma gatan da igiya a wuyansa. Ba a cika tambayar mutum ko yana so ba. Mamady Keita, wanda daga baya ya zama mashahurin mai kaɗa jembe a duniya, an haife shi a 1950 a ƙauyen Balandugu kusa da Siguiri, yana yaro ɗan shekara goma sha biyu aka ɗauke shi zuwa ƙungiyar lardi, yana sha huɗu aka kai shi tsibirin Kassa horo don shiga Djoliba. Fim ɗin Djembefola na 1991 ya nuna komawarsa ƙauyensu bayan shekara 26. Ranar da na kalli wurin da 'yan'uwansa suka rungume shi ana kuka, sai na daina ganin albashin nan da girman da nake ganinsa a da.

Akwai kuma abin da ya fi wannan ɗaure kai. A daidai shekarun da ake tallar al'adun Gini a ƙasashen waje, gwamnati na gudanar da wani kamfe a yankin kurmi na kudu na tona asirin tsafi: a fito da dodanni da fuskokin katako na ƙungiyoyin asiri a bainar jama'a, a gaban mata da yaran da al'ada ta hana su gani, a ƙone wasu. Sannan rawar waɗannan dodanni ita ce ake gyarawa a kai dakali a Konakiri da Turai. Wato an hana mai abu abinsa a gida, an ba ma'aikacin gwamnati ya yi kwaikwayonsa a waje. Ba ina kare tsafi ba ne, Allah Ya kiyaye. Abin da nake nunawa shi ne, wanda ke biyan mai rawa shi ke faɗin wace rawa ce al'ada, wace ce jahilci.

Shi kuwa Fodeba yana can yana ƙara nutsewa. Daga cikin gida aka haɗa masa da tsaro, 'yan sanda da soja duk suna ƙarƙashinsa. A 1961 aka ce an gano makircin malaman makaranta, aka ɗaure shugabannin ƙungiyarsu, cikinsu har da masanin tarihi Djibril Tamsir Niane, wanda ya rubuta labarin Sunjata da ake karantawa a makarantu har gobe. Mutumin da Turawa suka hana karanta waƙarsa, ga shi yana riƙe da makullin ɗakin da aka kulle marubuci. A zamaninsa ne aka mayar da wani ɓangare na barikin Camayenne a Konakiri wurin tsare 'yan siyasa, kuma waɗanda suka fito da rai daga wurin sun sha ambaton sunansa cikin waɗanda suka assasa shi. Na yi ta neman yadda zan wanke shi a raina saboda son da nake yi wa aikinsa na farko, abin ya ƙi.

A tsakiyar shekarun 1960 tauraronsa ya fara dusashewa, aka ɗauke shi daga tsaro aka mayar da shi ma'aikatar tattalin arzikin karkara. A farkon 1969 aka kama wasu sojojin laima a Labe bisa zargin makirci, a hanyar kawo su Konakiri suka jefo jami'in 'yan sandan da ke rakiyarsu, Mamadou Boiro, daga jirgin sama. Da sunansa aka sake wa barikin Camayenne suna, ya zama Camp Boiro. Kame ya biyo baya, aka haɗa da Kanar Kaman Diaby, aka haɗa da Keita Fodeba. An kulle shi a gidan da aka gina yana minista, kuma a watan Mayu na 1969 aka harbe shi, yana da shekara 48. Ba a miƙa gawarsa ga iyalinsa ba.

Ƙungiyoyin rawa ba su tsaya ko na kwana ɗaya ba. Wata biyu bayan haka, a Yulin 1969, 'yan wasan Gini suka je bikin al'adun Afirka a Aljiyas suka dawo da lambobin yabo. A 1977 tawagar Gini ta zo FESTAC a Legas, bikin da aka yi hawan dabarsa a Kaduna, aka rufe shi ranar 12 ga Fabrairu. Ba a yi wata guda ba Diallo Telli, sakataren farko na Ƙungiyar Haɗin Kan Afirka, ya mutu a Camp Boiro, bayan an rufe shi an hana shi ci da sha. Duk wanda ya yi tafi a Legas a wancan lokaci, da wuya in ya san abin da ke gudana a bayan labule.

Seku Ture ya rasu a wani asibiti a Amurka a watan Maris na 1984, bayan mako guda soja suka karɓi mulki a ƙarƙashin Lansana Conte, aka buɗe ƙofofin Camp Boiro. Tare da kurkukun sai rumfar 'yan rawa ita ma ta fara yoyo, domin ginshiƙinsu ɗaya ne. Sabuwar gwamnati ta rungumi tsuke bakin aljihu, gasar ƙauye-ƙauye ta mutu, albashi ya zama abin da ba ya kai mutum ko'ina. Da yake ba su taɓa samun wata ƙungiya tasu ta kansu ba, wadda su suka zaɓi shugabanta, suke tara mata kuɗi, babu inda za su kai kuka. Sai kowa ya kama gabansa. Famoudou Konate, wanda ya shafe shekara 26 yana jagorantar jembe a Les Ballets Africains, ya koma koyar da Turawa, musamman a Jamus. Mamady Keita ya bi ta Abijan, a 1988 ya sauka Brussels ta ƙasar Beljiyam, ya buɗe makarantarsa Tam Tam Mandingue wadda ta yi rassa a ƙasashe da dama, ya rasu a 2021. Yawancin jemben da ake kaɗawa yau a Jamus da Japan da Amurka daga hannun waɗannan tsofaffin ma'aikatan gwamnatin Gini ya fito. Su dai makaɗa sun sami mafita, domin ganga ana ɗaukarta a jirgi, kuma mutum na iya kaɗa ta har tsufa. Matan da suka ba da ƙuruciyarsu da gwiwoyinsu a sahun rawa, kaɗan ne daga cikinsu aka san sunansu a waje.

Les Ballets Africains tana nan ba ta mutu ba, ta haura shekara 70, kuma har yanzu ita ce ƙungiyar rawa ta ƙasar Gini. Taken ƙasar ma, Liberté, wanda aka ɗauko karinsa daga tsohuwar waƙar yabon Alfa Yaya sarkin Labe, Fodeba na cikin waɗanda suka tsara shi, kuma ba a sauya shi ba ko a shekarun da ambaton sunansa a Konakiri ke iya kai mutum Camp Boiro.