Tarihin karatun Littafi Mai Tsarki da Hausa a yankinmu

 Yau tarihinmu ya shafi 'yan'uwanmu Kirista. Ba su da yawa, don ƙidayar 2012 ta nuna ba su kai kashi 1 cikin 100 na mutanen Nijar ba, amma da su muke cin kasuwa, da su muke aiki a lakwal da asibiti. Mutum zai yi mamaki: jama'a 'yar kaɗan haka, warwatse cikin garuruwa, wasu ko majami'a babu kusa da su, me ya riƙe su shekara da shekaru? Amsar ita ce karatun Littafi Mai Tsarki a gida kullum, kuma da Hausa.

Abin da mutane da yawa ba su sani ba, akwai hannun ɗan ƙasarmu tun farkon wannan aiki. Sunansa Dorugu, haifaffen ƙasar Damagaram, wajen Kance. An kama shi bawa yana yaro, ya samu 'yanci a Kukawa ta Barno, sannan Bajamushen nan mai yawon bincike, Heinrich Barth, ya tafi da shi Turai a 1855. A Ingila ya zauna wurin wani fasto mai suna Schön, wanda ya daɗe yana nazarin Hausa. Dorugu na magana, Schön na rubutawa. A 1857 aka buga Linjilar Matiyu da Hausa, a 1880 kuma Sabon Alkawari ya kammala. Kun ga ke nan Hausar wani yaron Damagaram tana cikin tushen abin.

Cikakken littafin, Tsohon Alkawari da Sabo, sai a 1932 ya fito, bayan dogon aikin Dokta Walter Miller na Zariya da abokan aikinsa. A lokacin 'yan mishan na SIM sun riga sun shigo Nijar: Damagaram a 1924, daga baya Tsibiri kusa da Maradi. Mu nan jahar Tawa abin ya iso mu ne ta asibitin Galmi, wanda aka buɗe a 1950 a bakin hanyar Ƙonni zuwa Madawa.

To, a nan akwai wani abu. Gwamnatin Faransa ta ce lakwal da Faransanci ake yin ta. Su kuwa 'yan mishan, galibinsu masu jin Ingilishi ne, da Hausa suke aikinsu. Shi ya sa Kiristocin farko da yawa ba su taɓa zama ajin lakwal ba, amma sun iya karatun boko na Hausa, don dai su karanta Littafin da idonsu. Manomi ne, ma'aikacin asibiti ne, uwar gida ce, kowa da ayar da ya haddace. Hadda kuwa ba baƙuwa ba ce a ƙasar da yaro ke tashi yana jin tilawar makarantar allo. Bayan 'yancin kai na 1960 ikkilisiyar EERN ta tsaya da ƙafafunta, shugabanci ya koma hannun 'yan ƙasa. A 1979 aka fitar da sabuwar fassara, mai Hausa mafi sauƙi.

Yaya ake karatun? Da sassafe ko bayan tuwon dare, iyali su zauna, wannan ita ce sujadar gida. A karanta ayoyi kaɗan, ba dogon babi ba. A maimaita. Sai abin da Kirista ke kira bimbini: mutum ya yi shiru ya juya maganar a zuciyarsa, ya tambayi kansa me ta faɗa game da Allah, me ta faɗa game da halinsa, me zai gyara yau. Daga nan addu'a. Zabura ta farko da farkon littafin Joshuwa duk suna maganar wannan bimbini na dare da rana. Ayar da aka karanta da safe da ita ake tafiya gona ko garkar albasa. Matan Zumunta ma haka suke yi a taronsu, har wadda ba ta iya karatu ba takan tashi da aya a ka.

An ga amfanin haka a ranakun 16 da 17 ga Janairun 2015, lokacin da aka ƙona majami'u a Damagaram da Yamai. Gine-gine sun ci wuta, littattafai ma haka. Akwai Musulmi maƙwabta da suka ɓoye Kirista a gidajensu, wannan ma tarihi ne da bai kamata a manta ba. Bayan abin ya lafa aka ci gaba da sujada, a cikin gidaje da filin Allah, don abin da ke cikin ka bai ƙone ba.

Damuwar yau daban ce. Littafin yana cikin waya, har da murya, kyauta. Amma yaro ya yi lakwal da Faransanci, ka miƙa masa Hausa ya karanta wa kakarsa sai ya kama inda-inda. Faransancin ma, kalmomin Littafin sun yi masa nauyi. Ya tashi ba nan ba can. In ya tafi bida Abijan ko Libiya, ko aiki ya kai shi ƙauyen da babu fasto, me zai riƙe?

Iyaye, dattawan ikkilisiya, malaman makarantar Lahadi, aikin naku ne. Minti 10 a rana ya isa: aya ɗaya, a karanta da Hausa da ƙarfi, a bar yaro ya faɗi abin da ya fahimta. Kakanni sun koyi baƙaƙe da fitilar kananzir saboda wannan Littafi, bai kamata jikoki su bar shi a rufe ba alhali suna da hasken sola.

Wanda ya san tarihin Kiristocin farko na garinsu, ya tambayi tsofaffi tun suna raye, ya rubuta. Allah ya ba mu zaman lafiya da juna, amin.