Zaɓen Murhun Girki da Abin Yi Idan Samansa Ya Lalace

Murhun girki na zamani da ake samu a kasuwanninmu iri uku ne: na gas, na lantarki mai faranti, da kuma na lantarki mai aiki da maganaɗisu. Muna shawartar magidanta da su dubi irin girkin gidansu da tukwanensu kafin su dubi kyawun murhu.

Zaɓen murhu

Murhun gas ya fi dacewa da unguwannin da wutar lantarki ba ta tsayawa. Tukwanen gas da aka fi amfani da su a gidaje su ne masu cin kilo 3, kilo 6 da kilo 12.5. Hukumar Kula da Ingancin Kayayyaki ta Ƙasa, wato SON, ta ƙayyade shekara 15 a matsayin wa'adin amfani da tukunyar gas, don haka a duba shekarar ƙirarta a jikinta.

Murhu mai maganaɗisu yana da saurin dafuwa, amma ba ya ɗumama tukunyar dalma ko ta ƙasa. Yana buƙatar tukunya mai shimfiɗaɗɗen gindi wadda mayen ƙarfe ke kamawa. Haka kuma, gidan da ake tuƙa tuwo a babbar tukunya ya fi buƙatar murhu mai saman ƙarfe, domin nauyi da bugun muciya kan fasa na gilashi.

A karɓi rasit da takardar garanti, a kuma tabbatar ana samun kayan gyaran murhun a gari.

Idan saman murhu ya lalace

1. Idan gilashi ya tsage, ko da tsagar siririya ce, a daina girki a kai. A kashe wutar daga bango, domin ruwa ko miya na iya bi ta tsagar su taɓa wayoyi. Ba a liƙe shi da gam. Sauya shi ake yi.

2. Harshen wutar gas mai lafiya shuɗi ne. Idan ya koma ruwan ɗorawa yana baƙanta tukunya, galibi ƙofofin kan murhun ne suka toshe. A bari ya huce, a cire kan, a wanke, a shanya.

3. Idan an ji warin gas, a rufe tukunyar, a buɗe ƙofofi da tagogi. Kada a ƙyasta ashana ko a taɓa makunnin lantarki. Gas ya fi iska nauyi, saboda haka a ƙasa yake taruwa.

4. Ana gano wurin yoyo ta hanyar shafa ruwan sabulu a tiyo da mahaɗarsa. Inda kumfa ya taso, nan ne ɓarakar take.

Muna kira ga jama'a da su bar gyaran cikin murhu ga ƙwararru. Idan gobara ta tashi, a fitar da iyali tukuna, sannan a kira hukumar kashe gobara ko lambar gaggawa ta 112.