Fiyudal: Kalmomin Da Turawa Suka Gada Daga Zamanin Gona Da Takobi

Duk wanda ya yi makaranta a Ingila ya san zanen nan na darasin tarihi: sarki a sama, manyan gari a ƙasansa, sai mahaya doki, sai manoma can ƙasa. Malamai su ce wannan shi ne tsarin fiyudal. To amma me kalmomin suke nufi? Mu duba Ingila, inda abin ya fi fitowa fili.

A 1066 Wiliyam na Nomandi ya ci yaƙin Hastings, ya ce ƙasar Ingila kaf tasa ce. Ya riƙe wani kaso, ya raba sauran ga coci da mutanensa da suka taya shi yaƙi. A 1086 ya tura a ƙidaya komai, gonaki, garmuna, shanu, wurin niƙa, a wurare sama da 13,000. Wannan shi ne littafin Domesday, yana nan har yau.

Kalmar farko ita ce fif. Ƙasa ce da babba ke ba na ƙasa da shi, amma fa ba kyauta ba ce, ba kuma sayarwa ba. Riƙo ne da sharaɗi. Wanda ya karɓa shi ake kira basal, wato yaron wani a sarauta. Kada ka ɗauka talaka ne, a'a. Sarkin Ingila kansa basal ne na sarkin Faransa saboda ƙasashen da yake riƙe da su a can, kuma wannan na cikin abin da ya yi ta haddasa yaƙi tsakaninsu.

Kafin a ba ka fif sai ka yi homej, abin da Bahaushe zai ce caffa. Za ka durƙusa ba hula ba takobi, ka sa hannayenka cikin na ubangidanka, ka ce ka zama mutuminsa. Asalin kalmar ma daga "mutum" ne a Faransanci. Sai rantsuwar amana ta biyo baya, a kan littafin addini. Shi kuma ya ɗau nauyin kare ka. Kai kuma ka kawo masa nayit, wato barade masu sulke, yawanci na kwana 40 a shekara. Daga baya aka koma biyan kuɗi a madadin fita yaƙi.

In basal ya mutu, ɗansa sai ya biya kafin ya gaji ƙasar. In magajin yaro ne, ubangida ya riƙe dukiyar ya ci amfaninta, har aurar da gwauruwar yana iya yi ga wanda ya fi biya. Sarki Jon ya matsa wa manyansa da irin wannan tatsa har suka tilasta masa Magna Carta a 1215. A ciki aka yanke kuɗin gado: fam 100 ga babban mai sarauta, sulai 100 ga nayit. Ka ga ashe rigimar kuɗi ce tsakanin manya, talaka bai samu wani abin kirki ba.

Shi talakan yana mano, wato gandun ubangida da ƙauyensa. Mafi yawansu bilen ne. Bilen ba bawa ba ne da ake kaiwa kasuwa, amma ba ɗa ba ne mai cikakken 'yanci. Yana da 'yar gonarsa, sai dai kwana biyu ko uku a mako na gandun ubangida ne. Ba ya barin ƙauye sai da izini. Dole ya kai niƙa wurin ubangida ya biya. Zai aurar da 'yarsa, ya biya. Ya mutu, a ɗauke dabbarsa mafi kyau. Don raini, wannan kalma ta bilen ita ce ta zama sunan mugu a finafinan Turanci. Shi kuwa lod, asalinsa a tsohon Turanci "mai tsaron burodi" ne, daga nan aka samu landlod ɗin da ake biya haya.

Me ya karya tsarin? Annobar 1348 ta kashe kashi ɗaya cikin uku na mutanen Ingila, ko ma fiye. Hannun noma ya yi ƙaranci, leburori suka ce sai an ƙara kuɗi. Dokar 1351 ta nemi danne lada, a 1381 manoma suka yi bore ƙarƙashin Wat Tyler har cikin Landan. An murƙushe su, amma kafin 1500 bautar gandu ta kusa ƙarewa. Majalisa ta soke riƙon ƙasa na aikin yaƙi a 1660. Skotland kuwa sai 2004 ta rabu da tsarin a doka.

Ga abin lura: mutanen wancan zamani ba su san kalmar "fiyudalizim" ba. Masana ne suka ƙirƙiro ta ɗaruruwan shekaru bayan haka, kuma masana irin su Elizabeth Brown a 1974 da Susan Reynolds a 1994 sun nuna cewa zanen nan na aji ya sauƙaƙa abin fiye da kima. Wannan ya shafe mu, don tun zamanin siyasar 1950 zuwa 1960 ake jifan Arewacin Najeriya da wannan kalma. Akwai kamanni, hakimai sun riƙe garuruwa daga hannun sarki suna karɓar haraji, talaka kuma ya sha wuya. Amma masarautun sun tsaya ne kan shari'ar Musulunci da bauta ta zahiri, wanda wani tsari ne daban.

Don haka in wani ya jefo maka kalmar, kada ka yi fushi, kada kuma ka haɗiye. Tambaye shi: wa ke riƙe da ƙasar, da wane sharaɗi, kuma wa ke noma ta? Sai mun haɗu a fitowa ta gaba.