Binciken Ma'adinai da Man Fetur a Yankin Dajin Yankari

Gandun Dajin Yankari yana cikin Ƙaramar Hukumar Alkaleri ta Jihar Bauchi, kuma faɗinsa ya kai murabba'in kilomita 2,244. An keɓe shi a shekarar 1956. Ya zama gandun daji na ƙasa a 1991, sannan ya dawo hannun jiharmu a 2006.

Albarkatun ƙarƙashin ƙasa

Allah ya albarkaci wannan yanki da farar ƙasa, kuma tsofaffin wuraren narka tama da ke cikin dajin shaida ne cewa magabata sun sarrafa ƙarfe a nan. Duwatsun yankin na yashi ne, masu hawa-hawa, irin waɗanda kan ɓoye mai da iskar gas. A 2019 kamfanin NNPC ya sanar da gano mai a Kolmani, kan iyakar Bauchi da Gombe.

Yadda ake bincike

Masana kan fara da zana taswirar duwatsu. Daga nan jirgin sama mai na'urar auna maganaɗisu ya ratsa yankin, sannan a ɗebi samfurin ƙasa da yashin rafi a kai ɗakin gwaji. Idan mai ake nema, sai a aika jijjiga cikin ƙasa, a karanta yadda ta dawo. Duk wannan hasashe ne. Haƙar gwaji ce kaɗai ke tabbatar da ko akwai abin da ya kai a haƙa.

Abin da doka ta tanada

Tsarin Mulkin 1999 da Dokar Ma'adinai ta 2007 sun damƙa ma'adinai ga Gwamnatin Tarayya. Saboda haka hakimi ko shugaban ƙaramar hukuma ba shi da ikon ba da lasisi. Lasisin bincike daban, na haƙa daban. Dokar 1992 kuma ta wajabta nazarin illar babban aiki ga muhalli kafin a fara shi.

Dalilin taka-tsantsan

Duwatsun yashin nan su ne ke riƙe ruwan da ke ɓuɓɓugowa a Wikki. Giwaye da ɓauna sun dogara da Kogin Gaji da rani. Idan ruwan nan ya gurɓace, gyara shi ba ƙaramin aiki ba ne. Don haka muna kira ga dagatai da masu unguwanni su nemi ganin takardun duk wanda ya zo da sunan bincike, su kuma sanar da hukuma idan sun ga ana haƙa a cikin daji.