BAYAHUDE BA ADDINI: ME YA RAGE?

A garinmu Sule Tankarkar na tashi ina jin kalmar "Bayahude" a bakin mutanen da ba su taɓa ganin Bayahude ba, galibi kuwa wajen zagi. Saboda haka ran da na karanta cewa akwai Yahudawan da ba su yi imani da Allah ba, amma duk da haka suna kiran kansu Yahudawa, sai na ce wannan tatsuniya ce. Kakata ce ta warware mini, ba da saninta ba. Kullum takan ce, "Mu Mangawa ne, jikana," alhali ko gaisuwa ba ta iya ba da harshen Mangawa, sai Hausa. Haka gidaje da yawa suke a ƙasar Gumel. Harshe ya tafi, suna ya zauna. Sai na tambayi kaina, to, in addini ne ya tafi fa?

Mu fara da tarihin da ya fi kusa da mu. Shehu Magili, wanda ya zo Kano zamanin Sarki Muhammadu Rumfa (1463-1499), daga Tuwat ya fito, cikin Aljeriya ta yau. A can, wajen 1492, ya sa aka rushe wurin ibadar Yahudawan Tamantit, ko da yake alƙalin Tuwat, Al-Asnuni, bai goyi bayansa ba. Daga baya ya tafi Gawo wurin Askiya Muhammadu, wanda ya hana Yahudawa zama a ƙasarsa. Bayan shekara ɗari biyar, watau a 1993, sai ga masanin tarihi Ismael Diadie Haidara ya kafa ƙungiyar Zakhor a Tambutu, ta jikokin Yahudawa. Musulmi ne, amma ba su musun asalinsu. Ma'anar sunan kuwa da Ibrananci ita ce "ka tuna".

Waɗannan sun sake addini ne. Waɗanda suka bar shi ɗungum kuwa, sai mu leƙa Turai. A 1656 jama'ar Yahudawan Amsterdam suka kori Sifinoza daga cikinsu, yana ɗan shekara 23, saboda ra'ayinsa game da Allah da Attaura. Bai koma ba, bai kuma shiga Kiristanci ba, abin da ba a saba gani ba a lokacin. Kafin ƙarshen ƙarni na 19 irinsa sun yawaita. A shekarar 1897 kaɗai an kafa ƙungiyoyi biyu: ta Sahyoniya a Basel, ƙarƙashin Theodor Herzl, wanda ba mai riƙon ibada ba ne, da ta ma'aikata mai suna Bund a Vilna, wadda ta ƙi Sahyoniyanci, ta ce Bayahude ya nemi haƙƙinsa inda aka haife shi. Wannan ya isa ya nuna mana Yahudawa ba bakinsu ɗaya ba.

To, me ya haɗa mai imaninsu da marar imani? Ni dai abu uku na gani. Na farko, dokar addininsu kanta: ɗan da Bayahudiya ta haifa Bayahude ne, ko ya yi ibada ko bai yi ba. Na biyu, wuya. Dokokin Nuremberg na 1935 ba su tambayi kowa abin da ke zuciyarsa ba, kakanninsa suka duba, kuma cikin mutum wajen miliyan 6 da 'yan Nazi suka hallaka akwai malamin Attaura, akwai ɗan gurguzu. Na uku, al'ada. Daren Idin Ƙetarewa iyali kan taru a ci gurasa marar yisti, a ba yara labarin yadda Annabi Musa ya fid da Bani Isra'ila daga hannun Fir'auna. Uba na jin labarin a matsayin mu'ujiza, ɗa na jinsa a matsayin tarihin 'yanci, amma akushi ɗaya suke ci. Binciken cibiyar Pew a Amurka ya nuna kashi 22 cikin ɗari na Yahudawan ƙasar a 2013 sun ce ba su da addini, a 2020 kuwa kashi 27.

'Yan'uwa ɗalibai, ba ina cewa imani da rashinsa ɗaya ba ne. Su kansu Yahudawa gardamar ba ta ƙare a tsakaninsu ba. Abin da nake cewa shi ne, al'umma igiya ce mai tufka da yawa, sili ɗaya ya tsinke ba ya raba ta. Mu ma muna da Maguzawa, kuma ba wanda ya isa ya ce ba Hausawa ba ne. Kafin mu jefi wata al'umma da suna ɗaya, ya kamata mu fara sanin ko su wane ne a cikinta. Rashin sani ya fi dare duhu.